Baba Ilya, Wanda Ya Hana Mu Sauka Daga Keke

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Janairun 2025, wadda ta zo daidai da tsakiyar watan Rajab, Allah da ya ba mu aron Malam Ilya ɗan Mirya ya karɓi abinsa. Daga gare shi muka zo, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu. Ya cika bayan sallar asuba a wani asibiti a Paris, bayan ciwon zuciya da bai daɗe yana jinyarsa ba. Labarin ya iske ni a Lyon, ina ɗaure kekena a ƙofar wurin aiki, yatsuna sun ƙage da sanyi har da ƙyar na amsa wayar. 'Yarsa Leïla ce. Ta ce, "Yaya Raihana, Papa," daga nan sai kuka.

Baba, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne gaisuwarka ta bana tana hannuna, ban kai maka ba. Wanda bai san ka ba ba zai gane abin da nake nufi ba, don haka bari in faro daga farko.

Duk ɗan Damagaram da zai zo Paris, kafin ya hau jirgi sai wani ya ba shi lambar wayarka. Ni mahaifina ne ya ba ni. Na zo karatu, na gama, na samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin Paris a ƙarshen 2019. Aikin na gwaji ne tukuna, kuma takardun zamana a ƙasar nan a kansa suka rataya. Ina zaune a Aubervilliers, a gefen Paris, kullum metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ke kai ni. Ban yi wata biyu ba aka shiga dogon yajin aikin nan na Disamba, jiragen ƙasa suka tsaya. Na makara ranar farko, na makara ta biyu. Shugabata ba ta yi faɗa ba, agogo kawai ta duba, kuma na gane. Da yamma na kira ka ina kuka, na ce ina ganin gida zan koma.

Tambaya ɗaya ka yi mini, wai na iya keke? Na ce na taɓa satar na yayana a Zinder ina yarinya, a cikin rairayi. Ka ce ai shi ke nan, wanda ya tuƙa a rairayi ya gama da mai wuya. Ba gaskiya ka faɗa ba, Baba, kuma ka sani, amma da ka faɗi gaskiya da ban hau ba.

Ranar Lahadi ka zo da keken Leïla, kai da matarka Hajiya Fatsima. Kai ka tsaya gefe kana ba da umarni, ita kuma Hajiya, wadda ba ta taɓa hawa keke ba a rayuwarta, ta riƙe mini sirdi tana gudu a bayana da mayafinta da komai, tana salati. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo. Ita ce ta rage mini tsawon hijabi don kada sarƙa ta kama shi, ta ɗinka masa ƙyalle mai ƙyalli a baya don masu mota su gan ni cikin duhun safiya.

Kai a Belleville kake zaune, aikinka kuma a wani babban sito na 'yan sari a Aubervilliers. Shekara da shekaru kana bin bakin kanal ɗin Saint-Denis, hanyar ruwan nan da aka haƙa, a kan keke, rani da ɗari, tun kafin hawan keke ya zama abin yayi a Paris. Hanyarka ita ce tawa, sai dai kai kana fitowa daga birni, ni ina shiga. Duk da haka, a makon farko kakan zo ƙofar gidanmu tun gari bai waye ba, ka shiga gaba ina bin ka a kan nawa keken har cikin Paris, sannan ka juya ka sake taka hanyar zuwa naka aikin. A lokacin ka haura sittin. Ban taɓa jin ka ambaci wannan ga kowa ba.

A bayanka na koyi ɗarin ƙasar nan. Ka ce in shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙirji a ƙarƙashin riga, ta fi wata rigar sanyin tare iska. Ka ce bayan alwalar asuba in tsane tsakanin yatsuna sarai kafin in sa safar hannu, in shafa man kaɗe a leɓe da bayan hannu. Ka nuna mini cewa farin fenti na kan titi da murfin ƙarfe na magudana su ne abokan gaba idan an yi ruwa, kuma a kan ƙanƙara ba a damƙe birkin gaba. Ka ce sanyin farkon tafiya maƙaryaci ne, kafin in kai gada ta biyu zan ji ɗumi. Wannan kam gaskiya ka faɗa. Har yau nakan fita ina rawar ɗari, hanci na zuba, numfashina na tashi kamar hayaƙin murhu, amma kafin in isa ina neman buɗe wuyan riga.

Sai ranar da ka bar ni na tafi ni kaɗai. An kwana ana sanyi mai tsanani, duwatsun bakin kanal sun yi santsi. Saboda yajin aikin, hanyar ta cika da masu kekuna, kowa na gaggawa. Na kusa wata gada sai na hango rigarka mai ruwan ɗorawa tana tahowa. Mu a gidanmu ba a wuce babba a kan abin hawa. Mahaifina, da furfurarsa, yakan kashe babur ya sauka idan ya ga malaminsa. Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya damƙe birki don in sauka in durƙusa in gaishe ka. Matar da ke bayana ta afka mini, keken ya zame, na tafi da gefe ɗaya a kan duwatsu, tayar gaba tana lilo a saman ruwa. Matar na zazzaga mini faɗa da faransanci, ni kuma ina kwance a ƙasa, gwiwa ta fashe, amma da ka iso abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina kwana, Baba."

Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci kamar ranar ba. Ka ce, "Lahiya lau, tashi!" Ka ba matar haƙuri, ka miƙe mini kan keken da ya karkace. Sannan ka ce, "Ɗiyata, ubanki aiki ya turo ki, bai turo ki ki faɗa ruwa don kin gan ni ba. Daga yau na hana. In kin gan ni bisa hanya, ki kaɗa ƙararrawa ki wuce. Ki ajiye mini sauran gaisuwar, in ɗari ya wuce ki kawo mini ita gida."

Na isa aiki a kan lokaci da jini a wando. Ban sake makara ba har yajin ya ƙare, kuma aka tabbatar da ni. Amma dokar nan ta yi mini nauyi fiye da sanyin. Kullum idan na hango rigar nan taka sai in ji kamar mahaifina na kallona daga Zinder. In kaɗa ƙararrawa, ka kaɗa taka, mu wuce juna kamar ba ɗiya da uba ba. Wata rana na ɗan rage gudu kawai, sai ka ɗaga mini yatsa.

Daga baya na gano ba ni kaɗai ba ce. Akwai Nasiru ɗan Maraɗi, injiniya, wanda ya taɓa tsayawa tsakiyar mahaɗar tituna ya cire safar hannu don ya ba ka hannu biyu, motar kaya na danna masa ham. Akwai wasu da dama, ɗalibai da ma'aikata, duk waɗanda ka ɗora a kan keke, duk ka kafa musu dokar. Kuma da gaske kake karɓar ajiyarka. Idan itatuwan Belleville suka fara toho, sai ka sa ranar Lahadi. Hajiya ta yi dambu da kopto, mu cika ɗan falonku. Ka zauna a kujerarka da babbar riga, mu zo ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina aiki, ina labarin gida, ya masu jiki, ya haƙuri da mu. Idan mutum ya yi saurin ƙarewa sai ka ce wannan ta Disamba ce kawai, ina ta Janairu? Leïla, da aka haifa a nan, takan tsaya a ƙofar madafa tana dariya har da hawaye, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mutanen da ke tara gaisuwa kamar hatsi ba. Amma ita ce ke fara tambayar yaushe za a sa ranar.

Da aiki ya maida ni Lyon, na tafi da keken. Ka ce na Leïla ne, Leïla ta ce ai tuntuni ya zama nawa. Yanzu bakin kogin Rhône nake bi kowace safiya, inda hazo ke sauka har fitilar wanda ke gabanka kawai kake gani. Na ɗauka tunda ba ma haɗuwa a hanya doka ta faɗi, ashe ba haka ba. Idan na kira ka da safe ka ji iska a wayar, sai ka ce, "Kina bisa keke? Ajiye," ka kashe. Kowace shekara kuwa nakan hau jirgi in zo Paris ranar Lahadin nan. A Lyon na ɗora wata ɗaliba, Kadidiatou, a kan keke, kuma ranar da ta yi yunƙurin sauka don ta gaishe ni na ji maganarka na fita daga bakina, har da ɗaga yatsan.

A Disamban da ya wuce Hajiya ta gaya mini an kwantar da kai. Na kira na ce zan zo a ƙarshen mako. Muryarka ta yi ƙasa, amma ka ce, "Ɗari ya wuce ne? Ki yi aikinki, ki ajiye mini." Na yi dariya, na bi umarninka kamar kullum. Na ji haushinka a kan wannan, Baba, ba zan ɓoye ba. A cikin jirgin da ya kawo ni Paris tunani ɗaya nake yi. Mu mata ba ma bin gawa maƙabarta. Maza za su yi maka salla, su ɗauke ka, su tsaya a kan kabarinka. Ni a ina zan sauke abin da ka ce in ajiye?

Na tarar da Hajiya a zaune a ƙasa, kusa da kujerarka. Bayan na yi mata ta'aziyya sai ta riƙe hannuna, ta ce kwana biyu kafin ka cika ka bar mana saƙo. Ka ce, "Ki ce wa masu kekuna na ɗage dokar. Ranar da zan wuce, su sauka."

Ranar Juma'a aka yi maka salla a wani masallaci a Aubervilliers. Leïla ta roƙi direban motar gawa ya bi ta kan gadar nan ta kanal, ya rage gudu. Nasiru ya sanar da sauran. Na ari keke a unguwar, na bi tsohuwar hanyata. Sanyin ranar irin na ranar da na faɗi ne. Muka jeru a gefen titi a bakin gadar, maza da mata, kowa a kan sirdinsa da ƙafa ɗaya a ƙasa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Mazan za su bi ka daga nan, mu kuma nan ce iyakarmu. Da motar ta ɓullo babu wanda ya taɓa ƙararrawa. Muka sauka gaba ɗaya. Mazan suka cire safar hannu. Ni na jingine keken, na durƙusa har gwiwata ta taɓa dutse mai sanyi, na fara daga farko. Ina kwana, Baba. Ina gajiya. Ina sanyi. Ya jiki. Na kai kan "ya haƙuri da mu" motar ta hau gada ta wuce. Ta Disamba kawai na samu na yi.

Na gode, Baba. Aikin da nake ci da shi, da zaman da nake yi a ƙasar nan kaina a ɗage, da hannunka a ciki. Ka fi kowa sanin darajar gaisuwa, amma ka haƙura da taka don mu isa inda za mu lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Ilya ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, kamar yadda ya riƙa shiga gabanmu da fitilarsa cikin duhun asuba. Duk takun da ya yi a cikin sanyi don 'ya'yan wasu, ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka saukar da shi a gidan da babu zafin rana, babu tsananin ɗari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu Hajiya Fatsima, da ƙanwata Leïla, da dangi na Mirya da Zinder, da abokan aikinsa, da dukan masu kekunan da suka tsaya a bakin gadar nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Ta Janairu tana nan, Baba, na ajiye. Allah ya haɗa mu a inda zan durƙusa in yi maka ita a tsanake, ka amsa mini har ƙarshe.

Raihana, Lyon