Silvano Pedrazza, Mai Sauraron Injinan Rake

Ƙarfe biyar da rabi na safe ake ganin tsohuwar akori-kurar Silvano Pedrazza a ƙofar masana'antar sukarinmu, nan arewacin Queensland. Yakan ajiye ƙunshin burodi da cuku da matarsa Glenys ta haɗa masa, ya kifa hular kwano, ya zaro wata doguwar sukudireba da ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo. Ba ya gaisawa da mutane sai ya gama gaisawa da injina. Manyan injinan matse rake shida ne a jere, yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kafa bakin sukudirebar a jikin ƙarfe, ya ɗora ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Wani injin ya wuce shi ba magana, wani kuma in ya saurare shi sai ya ce, "Wannan yana son giris kafin shayin safe." Sai ya gama zagayen nan ne zai juyo ya ce wa mutane ina kwana.

Shekara arba'in da uku yana haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata a bar shi ya sulale gida shiru ba, ko da yake hakan ya fi so.

A garin nan daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba kowa kunnensa na kan masana'anta. Raken da aka yanka ba ya jira, in ya kwana ya wuni ba a matse shi ba zaƙinsa ya fara gudu. In injin ya tsaya, jiragen ƙasan da ke ɗauko rake su tsaya, masu yanka su tsaya, manomi ya zauna yana kallon sama. Silvo, kamar yadda kowa ke kiransa, aikinsa shi ne kada hakan ta faru. Wanda ya iya irin wannan aiki kuwa ba a cika sanin da shi ba, don ba a ba da labarin injin da bai lalace ba.

Clive Yasso, mai walda da suka yi shekara talatin tare, shi ya ba ni labarin wata safiya da suke zaune su takwas suna shan shayi a gindin babbar fankar tukunyar tururi. Silvo ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku tashi daga nan."

Clive ya ce masa, "Haba tsoho, bari in ƙarasa cin abincina."

"Ɗauki abinka ka ƙarasa a waje. Fankar nan ba muryarta ba ce wannan."

Aka kashe ta, aka buɗe, aka tarar fiffike ɗaya ya tsage saura kaɗan ya rabu. Clive ya ce da ya fizge, daidai inda suke zaune zai sauka. "Ka san abin da ya ce da muka zo yi masa godiya? Wai shayinsa ya huce, wa zai dafa masa wani."

Shekara uku da suka wuce kamfani ya kawo sabon tsari. Aka manna wa kowane inji ƙananan na'urori masu jin jijjiga da zafi, suna aika abin da suka ji zuwa wata kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta faɗi injin da ke shirin lalacewa tun kafin ya lalace. Injiniyar da aka ɗora wa aikin ita ce Jasleen Dhaliwal, 'yar manoman rake ce daga kudu da mu. Ma'aikata suka samu abin tsokana.

Clive ya ce, "Silvo, an kawo magajinka. Ba ya shan shayi, ba ya zuwa kamun kifi."

Silvo ya ce, "To ai ya fi ka amfani ke nan."

Kowa ya ɗauka zai ƙulla gaba da abin. Da farko ma kwamfutar ta ba masu dariya abin dariya, don duk lokacin da jirgin rake ya wuce ta bayan ginin sai ta yi kururuwar cewa inji na biyu zai fashe. Jasleen ta gaya mini cewa a mako na uku tana zaune ta dafe kai, ta fara tunanin tattara kayanta, sai ga shi ya shigo ofishinta da takalmansa masu maiƙo, ya ja kujera.

Ya ce, "Abin nan naki yana da kunne, amma ba wanda ya gaya masa me yake ji. Kunna mini abin da ya ɗauka."

Daga ranar, kullum bayan an tashi yakan zauna awa guda da ita. Ta kunna masa sauti, shi kuma ya ba shi suna. Wannan jirgi ne. Wannan boris ne, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya bushe. Wannan haƙorin giyar inji ne ya fara cinyewa. Wannan ba komai, inji na biyar haka yake gunaguni tun zamanin da ubanki ke ɗan makaranta. Sauti dubbai suka bi haka cikin shekara biyu, ba wanda ya sa shi, ba a kuma rubuta sunansa a ko'ina ba. Da ta tambaye shi ko bai damu da cewa yana koya wa abin da zai maye gurbinsa ba, ya ce, "Jas, ni dai tafiya zan yi ko da shi ko babu shi. Gara in bar muku abin da na sani da in tafi da shi bakin kogi in gaya wa kifi."

Kai ne, Silvo, wanda bai yi rowar abin da ya tara ba. Mun ga masu sani da yawa da suke ɓoye hannu don a ci gaba da nemansu. Kai buɗe naka ka yi, ka zazzage duka.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a Nuwamban bara. Saura kwana goma sha biyu a gama matsar rake, masu hasashen yanayi na cewa damina za ta sauka da wuri, ga rake tsaye a gonaki masu yawa. In ruwa ya sauka motocin yanka ba sa shiga gona, abin da ya rage ya rage ke nan. Ranar wata Talata da hantsi kwamfutar ta nuna cewa boris ɗin da ke cikin akwatin giyar inji na huɗu ya fara tsagewa, ba zai kai mako ba.

Manaja Warwick Ansell ya sauko da kansa. Buɗe akwatin nan na nufin tsayar da komai kusan wuni guda, shi kuwa ba ya da wunin da zai bayar. Ya ce, "Silvo, saurara mana. In ka ce ba komai, mu ci gaba. Kunnenka na sani, ban san wannan abin ba."

Silvo ya kafa sukudirebarsa. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Ya koma ɗaya gefen ya sake. Mutane sun kai goma a tsaye suna jiransa, Jasleen na can baya ta rungume kwamfutarta ta hannu.

Ya ɗago ya ce, "Ban ji komai ba."

Warwick ya sauke numfashi, har ya juya zai tafi.

"Tsaya, Warwick. Ban ji ba, amma ba don babu ba ne." Ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu. "Ya fi shekara kunnena ba ya kama siririn sauti. Glenys kaɗai ta sani. Jikata in ta yi mini magana ta waya sai dai in yi ta cewa to, to. Irin tsagewar nan kuwa da siririn sauti take farawa. Ni na koya wa abin nan yadda take, lokacin ina ji. A kashe injin."

Mutumin da garin nan kaf ya sani da kunne, shi ne ya tsaya gaban abokan aikinsa ya ce kunnen ya tafi. Da ya yi shiru ba mai zarginsa, da injin ya fashe ma cewa za a yi tsautsayi ne.

Aka kashe. Awa goma sha huɗu suna kai, shi da Clive da sauran makanikai. Da aka zaro boris ɗin aka wanke, ga tsaga nan siririya kamar gashi ta ratsa rabinsa. Da ya tarwatse a ciki, da ya cinye haƙoran giyar, sabuwa kuwa sai ta yi mako uku kafin ta iso. Silvo ya juya shi a hannu, ya miƙa wa Jasleen ya ce, "Ajiye a teburinki. Ɗalibinmu ya ci jarrabawa."

An matse taragon ƙarshe ranar Lahadi. Ruwa ya sauka ranar Talata, ya yi kwana tara bai ɗauke ba. Manoma da yawa har yau ba su san abin da ya faru a gindin inji na huɗu ba, sun dai san rakensu ya shiga.

Kai ne makanikin da ya fifita injin a kan sunansa. Kai ne ka nuna mana cewa mutum zai iya cewa "ban iya ba yanzu" ya kuma fita da girmansa cikakke.

A walimar sallamar da aka yi masa a kulob, Glenys ta ja ni gefe ta ce a ƙarshe dai ya yarda an sa masa na'urar ƙara ji, bayan shekara guda tana fama da shi. Washegarin ranar da aka sa masa, da safe ta same shi tsaye a baranda da kofi a hannu, bai ko kurɓa ba. Ya juyo ya ce mata, "Glen, dama tsuntsayen nan haka suke da surutu?" Ta ce ta shiga kicin da sauri don kada ya ga hawaye a fuskarta.

Mun gode, Silvo. Manoman da rakensu bai ruɓe a gona ba sun gode, abokan aikinka da suka tashi daga gindin fanka sun gode, su da iyalansu. Ku kuma da kuka iya wani abu da hannunku, ko ina kuke aiki, ku koyar da shi tun kuna da ƙarfin koyarwa, ga mutum ne ko ga na'ura. Ranar da abin ya fara kuɓuce muku kuma, ku faɗa da bakinku, tun kafin wani ya ji ciwo. Mun ga wanda ya yi hakan a gabanmu, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara wuce shi a hanya bai ɗaga masa hannu ba.