Kukan Injin Fatsa

A warsharmu ta unguwar Gubaira a Riyad, inda muke gyaran motoci, ni ne mai baki. Duk abin da ke da noti na iya shi, haka nake faɗa, har ni ma na yarda.

Wata rana bayan la'asar wani dattijo ya shigo, mutumin Yawuri, mai gadi a unguwar Ulaisha. A masallaci muka saba. Ya kwance wani tsumma, sai ga ɗan injin nan da ake ɗaurawa a sandar fatsa yana naɗe zare, tsohon ƙira, fentinsa duk ya koɗe. Mahaifin kafilinsa, wato ubangidansa, ne ya ba shi, tun zamanin da yake raka shi bakin teku. Na kwashe da dariya na ce, "Baba, fatsa a Riyad? Kifin rairayi za ka kama?"

"An buga mini huruj, bizar fita, ɗana, jibi na tafi gida ke nan. Kogi yana jirana." Ya ja zaren da ƙyar, injin ya yi ƙir-ƙir-ƙir. "Ka ji kukan nan? Shi ke gaya maka kifi ya ja. Duk shekarun nan da shi nake hira a ɗaki. Ka wanke mini shi, ka ɗiga masa mai kaɗan. Kaɗan fa."

Wannan kaɗan ɗin ya ba ni haushi. Ni za a koya wa sa mai? Na wargaza shi, na juye kayan cikin gwangwanin fetur yadda muke yi wa kafireto, na dirje da burushi, na danƙara masa giris ɗin ƙafar mota har yana tsattsafowa. Da na haɗa, zare ya zo sumul, amma shiru, kukan ya tafi. Na sake buɗewa, ban gane abin da ya ɓace ba, don ban tsaya na kalli yadda yake ba kafin in kwance. Sai na rufe, na goge bayansa ya yi ta ƙyalli.

Washegari ya zo. Ya ja zaren, ya kai kunne, ya sake ja. Ni kuwa bakina bai mutu ba. "Ai na zamani haka suke, Baba, ba sa ƙara." Ƙarya ce tsagwaronta, shi ma ya san ƙarya ce. Ya dube ni, ya naɗe abinsa a tsumma, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Kunya ta rufe ni. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan kwana huɗu ina zubar da fetur ɗin, na ga wani siririn sifirin kwance a gindin gwangwani, bai kai tsinken sakace ba, ashe shi ke sa injin kuka. Aikin minti biyu ne, da na ce masa, "Baba, na ɓata, mu duba tare." Na kira lambarsa, a rufe take tun ranar da ya tashi. Sifirin yana nan cikin akwatin sifanonina. Shi kuwa yana can bakin kogi, da injin da ba ya gaya masa komai.