Hukuncin da Na Yanke wa Ɗan Aljana

A shekarun matsin nan da muke kira lakiris, masana'antun Bonabéri suka yi ta sallamar ma'aikata. Cikinsu har da ɗan ƙanwata, mai gyaran injuna, wanda bai taɓa zama ajin koyon sana'a ba; hannunsa ne kawai ya san ƙarfe. Da shi aka fara, domin ba shi da takardar shaida. Ya dawo gidana a unguwar New Bell ya shige ɗaki, ba abin da ke fito da shi sai salla.

Wasa ne ya dawo da shi cikin mutane. Ɗana ya samo wani littafin Faransanci: mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa. Bayan la'asar sukan zauna a barandata, su biyu da wani Babarbare mai sayar da albasa a kasuwar Sandaga. Ɗana ne mai ba da labarin. Na hana su jefa ɗan ludo, sai suka rubuta lambobi a ƙwallayen dabino, suna zara daga cikin hula kamar ƙuri'a. Sihirin da ke ciki kuwa, na ɗauke shi matsayin tatsuniya. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, don Allah kada ka kore su. Tsoro nake ya koma ɗakin nan."

Wata rana ina duba littafi, ruwa na dukan kwano, sai murya ta tashi. Jarumin ɗan ƙanwata ɗan aljana ne, an haife shi da baiwar ɓacewa. Yana neman wata gwaninta da littafin ya sa wa sharaɗi: sai wanda ya san sihirin ɓacewa.

"Kullum ina ɓacewa a gabanka!" in ji shi. "Wane sani ya rage?"

Ɗana ya ce, "Gado ka ci, ɗan mace, ba karatu ba. Bawa ma da gardama?"

Wasan taubasai ne, amma ranar ɗan ƙanwata bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni. "Kawu, kai ne malami. Raba mu."

Na san ba aljani ake tambayata ba. Na kuma san hukuncin da ƙanwata za ta so. Sai dai malamanmu sun hore mu da cewa, kafin a yi magana a kan sharaɗi, a nemi dalilin sa shi. Na ce ɗana ya fassara mini amfanin gwanintar. Ya ce mai ita yana iya ɓatar da abokan tafiyarsa tare da shi.

Na ce, "To, baiwa ta ishe ka ka ɓace kai kaɗai. Amma wanda zai ɗauki wasu, dole ya san yadda abin yake aukuwa, tun da su ba a haife su da shi ba. Ba ka cika sharaɗin ba."

Ɗan ƙanwata ya miƙe tsaye. Na dubi ƙofar ɗakinsa.

Babarbaren, wanda jaruminsa tsohon masani ne, ya gyara zama ya canza murya. "Mon petit, yarona, ina neman almajiri mai ɗaukar mini jaka. Amma ina da duka."

"Kai? Da warin albasar nan?"

"Da shi za ka koya."

Ɗan ƙanwata ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya zauna, ya ce, "Kawu, in ya gama karatun fa?"

Na ce, "Sai ya zama yana da biyun."

Damina ta wuce aljanin yana ɗaukar jaka, yana shan zagi, barandar tana cika da dariya har a kira magariba. Ban ƙara jin irin wannan dariyar a gidan ba, ko bayan da gari ya warware.