Buhun da Na Rataya a Gonar Inna

Ni tela ne a Tasawa, amma in ka tambayi masu zama bakin shagona, ce maka za su yi malamin ƙwari ne ni. Ba don yabo suka laƙa mini sunan ba. Ni dai ba na iya jin sabon abu game da halittun Allah in haɗiye shi. Ina taka keke, waya na gefe tana magana, sai in ji wai an gano giwaye na kiran junansu da suna, ko wai tsattsewa na yin wata da watanni a sama ba ta sauka ba. Nan take ƙafata za ta tsaya. In juyo in ce, "Jama'a, kun ji wannan kuwa?" Mai shayi ya ce, "To, abin nasa ya motsa." Wani ya ce in gama mashi wandonshi tukuna, giwa ta jira. Su bushe da dariya. Abin na ƙona mini rai, wallahi, don ban taɓa kawo masu ƙarya ba.

Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can wajen Korgom, ita ke riƙe da gonar Baba tun da ya rasu. Damina biyu a jere murzuna na cinye mata hatsi. Tsutsa ce mai bin zangarniya tana murɗawa tana ci, ka hango gona shar, ka matsa ka tarar da kango. Yayana, wanda ke kasuwanci a Mayahi, ya gaji da aiko mata da buhun hatsi. Ya ce in bana ma haka ta faru, jinginar da gonar zai yi, Inna ta dawo birni wurin ɗayanmu. Inna ta ce sai dai a ɗauki gawarta. Amma duk mun san Yaya, in ya faɗa ya faɗa.

Ana cikin haka na ji a rediyo cewa akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ya sa ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su ƙyanƙyashe su cinye ta. Kai, ranar aljihu na ɗinka a bayan riga! Na yi ta sintiri wurin malaman gona har suka san ƙarar motona mai taya biyu. Da hatsi ya fara bununi suka ba ni ɗan buhun algarara guda, bai fi tafin hannu biyu ba. A ciki akwai hatsi da gari, da wasu tsutsotsi da aka sa don ƙwarin su hayayyafa a kansu. Aka ce in rataya a gona, in kare shi daga ruwa, kada a taɓa. In 'ya'yan sun yi fiffike, da kansu za su fito ta ramukan buhun su bazu.

Na rungumo shi cikin riga har ƙauye, ina kauce wa kowane rami. Na yanke gindin tsohon bido, jarkar roba, na kifa mashi, na ɗaure a reshen gawon da ke tsakiyar gona. Sannan na zaunar da Inna na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa. Na ce, "Inna, kada a taɓa shi fa. Ko me kika gani." Tana tsinkar zogale ta ce, "To, Allah ya amfana." Daidai yadda ta ce mini ranar da na ba ta labarin giwaye.

Da na dawo bayan sati, ban ko so shiga gida ba, gona nake ɗoki. Inna ta ce ba inda za ni sai na sa wani abu a cikina. Ta miƙo mini kunu a ƙwarya, na shanye a tsaye, na wuce.

Bido na nan yana lilo. Igiya na nan. Babu buhu.

Na duba ƙasa, na duba cikin hatsi, na zagi awaki, na zagi ɓarayi. Na dawo gida ina huci, sai ga buhuna a kan danga, an wanke shi fes an shanya.

"Inna! Wa ya sauko da wannan?"

"Ni ce. Yo kai ba ka ga abin da ke ciki ba? Hatsi mai kyau, duk tsutsa ta shige shi. Ka bar abincin Allah a bisa icce yana lalacewa, a shekara irin wannan?"

"Ina tsutsar?"

"Na shanya, na bakace, kaji sun tsince. Wasu baƙaƙen ƙwari ma na nan liƙe a jikin buhun, rana ta kashe su." Ta dube ni. "Ai shi ne kunun da ka sha."

Na zauna a kan turmi. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma babu wanda zan sauke wa. Uwata ce. Na ce, "Haba Inna, haba Inna! Ba na ce kada a taɓa ba? Ƙwarin nan su ne maganin!" Ta ce ta ji na ce wani abu a kan ƙwaro, amma ai kullum maganata ke nan, ta ɗauka irin labaran nan nawa ne na waya. Wannan ta fi ci mini rai a kan kunun. Ashe a gidanmu ma, da na buɗe baki kunne ke rufewa.

Washegari na koma wurin malaman gona. Buhunan sun ƙare, kuma ko da akwai, sun ce lokaci ya ƙure, tsutsa ta riga ta girma. Da aka yi girbi, dammunan Inna ko gindin rumbu ba su rufe ba. Yaya ya ce dama buhu ɗaya ba abin da zai hana, shirmena ne kawai. Mai yiwuwa gaskiya gare shi. Amma ni ba a bar ni na gani ba, ko ƙwaro guda ban ga ya tashi ba.

Kafin sanyi ya shigo Yaya ya ba da gonar jingina. A amalanke aka kawo Inna gidana, da tukwanenta da akuyarta. Ba ta yi kuka ba.

Da ruwan shuka ya sauka damina ta gaba, na fito sallar asuba na tarar da ita a tsakar gida, tana tona ƙasa a gindin katanga da bakin tsohuwar wuƙa. Layi ɗaya ta shuka, daga bakin ƙofa zuwa makewayi. Hatsin ya fito da kyau, ya kai gwiwa. Sai mai gidan da nake haya ya zo ya ce saiwa za ta ɓata mashi gini, a tuge.

Na ce zan yi da kaina in ta shiga ɗaki. Inna ta ce a'a, ita ta shuka. Ta duƙa tana tugewa ɗaya bayan ɗaya, tana kakkaɓe ƙasar, tana miƙa wa akuya.