Filafilin Gungun Marke

Da na bar filafilin nan a inda yake rataye, da yau Gungun Marke na nan da sarkinsa? Shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau ban sami amsar wannan tambaya ba. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata a nan unguwar Barking ta Landan ce ke rubuta abin da nake faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni.

Gungun Marke tsibiri ne a tsakiyar kogi, can aka haife mu, ni da shi. Mu masunta ne, kuma sarautarmu ba ta gado ba ce. In sarki ya rasu, kowane gida sai ya kai filafilin tuƙa kwale-kwalensa ƙofar wanda yake so, wanda ƙofarsa ta fi cika shi ne sarki. Haka maigida ya samu. Sai aka miƙa masa tsohon filafilin kakanni, naɗe cikin farin ƙyalle, ya rataye a zaure. Muddin yana rataye, sarki na gida ko da ya yi tafiya. In kuwa ya ƙetare ruwa, to sarki ya saki jama'arsa ke nan.

A gaɓar kogin akwai babbar masarautar Kalmaru. Tun kakanni suke so su haɗiye mu, ruwa ya hana su. Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa aka fara kafa gada, sai muka ji ana cewa za a mayar da mu unguwa a ƙarƙashin hakiminsu. Dattawa suka tuna wata takarda da Turawa suka rubuta tun zuwansu, wadda ta ce gungu gashin kansa yake ci. Aka ce tana Landan. Jama'a suka sayar da busasshen kifi, suka sa mu a jirgi, a kan za mu yi wata biyu.

A nan na yi abin da na yi. Na ga Bature ba ya yarda da sarki sai ya ga sandarsa. Na sauke filafilin kakanni na naɗe cikin tabarmata, na sa na gidanmu cikin ƙyallen na mayar. Na ce wa zai duba kafin mu dawo? Ban kawo a raina cewa za mu kai lokacin buɗe kamun kifi ba, ranar da dattawa ke kwance ƙyallen su wanke filafili kafin kowa ya jefa koma.

Wata biyu ya zama bakwai. Wani ɗalibi ɗan Zariya ya yi ta raka maigida gidan ajiyar tsofaffin takardu har aka samo ta. Ma'aikacin ya karanta, ya yi murmushi, ya ce gaskiya ce, amma su sun daɗe da miƙa ƙasa, wannan ba maganarsu ba ce yanzu. Bayan mako uku wasiƙa ta iso daga gida. An kwance ƙyalle, an ga abin da ke ciki, dattawa sun ce sarki ya sake su. Ba wanda ya ɗaga murya ranar da Kalmaru ta aiko da dagaci.

Maigida ya sa aka karanta masa wasiƙar sau biyu, ya ninke ta. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Shekara biyar muka yi a haka, filafilin na ƙarƙashin gado.

Kifi a ruwa sarki ne. A nan kuwa wanke tukwane ya samu a kicin ɗin wani masaukin baƙi. Lokacin manyan ƙasarmu na ta zuwa sayayya, akwatuna har ba su ɗaukuwa. Wata rana ya dawo ya ce ya ɗaukar wa wani ɗan sarautar Kalmaru kaya zuwa mota, mutumin ya ce masa, "Sannu, Baba, daga wane gari?" Ya ce masa daga bakin kogi. Ran nan bai ci tuwo ba.

Yau in na zauna ni kaɗai a flat ɗin nan na council, gidan hayar hukuma, nakan ce me zai ce da ya ga zamanin nan? An ce motoci na shiga gungu, an yi makaranta da asibiti, kuma ba zan yi ƙarya ba, mata sun daina mutuwa a kwale-kwale kan hanyar haihuwa. Ina jin wannan zai faranta masa rai. Amma an ce yaran can in ka tambaye su, 'yan Kalmaru suke ce wa kansu. 'Yarmu Binta, da aka haifa a nan, tana jin Hausa, da Turanci take amsa mini. Ta ce in bayar da filafilin a gidan tarihi. Na ce ba na kallo ba ne.

Me ya rage na mutumin nan? Babu unguwa mai sunansa, kabarinsa ma a ƙasar wasu yake. Abin da na sani shi ne, jama'a ne suka zaɓe shi da hannunsu, kuma da suka juya masa baya bisa kuskure, bai taɓa wanke kansa da sunana ba. Kalma ɗaya ta ishe shi, bai faɗe ta ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a asibiti. Ranar ƙarshe, bayan azahar, na durƙusa a gefen gadon na ce, "Sarki, ni ce na ɗauko shi. Ka yafe mini." Ya dube ni, ya ce:

"Hajara, ai ni na ɗauki tabarmar nan zuwa bakin ruwa. Na ji nauyinta, kuma ban ce ki mayar ba. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo."