Zoɓo da Kanwa a Makarantar Alhaji

Na koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi a unguwar Yerimaram cikin Potiskum, ’yan ƙaramar sakandare. Mai makarantar wani Alhaji ne, tsohon dillalin motocin dakon shanu, wanda ya lura cewa ’ya’yan mutane sun fi shanu sauƙin kiwo, don ba sa mutuwa a hanyar Kudu. Bai taɓa tsayawa gaban allo ba, amma ya fi kowa sanin yadda ake koyarwa.

Muna da ɗakin gwaji. Sunansa na rubuce da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, makullinsa kuma na aljihun Alhaji. A ciki akwai kwalabe a jere cikin kabad ɗin gilashi, da fararen riguna a rataye. Ba a buɗe shi sai in wani uba ya zo neman wa ɗansa gurbi. A lokacin ne Alhaji zai tura ƙofar a hankali, ya bar mutum ya leƙa, ya mayar ya rufe. Ɗalibaina kuwa ta taga suka san ɗakin.

Da korona ta zo aka rufe makarantu, Alhaji ya tara mu ya ce makarantarsa ba ta barci, za mu koma karatu ta waya kamar yadda ake yi a Abuja. Aka buɗe zauren WhatsApp, aka zuba lambobin iyaye. Bai tambayi wa ke riƙe da wayoyin ba. Yawancinsu na aljihun iyaye maza, wasu a kasuwar shanu, wasu a tasha, ba sa dawowa gida sai magariba. Na iyaye mata kuwa ƙanana ne, in ma da babbar, datar ba ta kwana.

Sai na koma saƙon murya, gajere, da Hausa. Na ce kowane yaro ya jiƙa zoɓo, ya tace, ya ƙara ruwa har ya yi tsararo, ya raba kofi uku. Ɗaya ya matsa masa lemun tsami, ɗaya ya zuba masa ruwan kanwa, na uku ya bar shi. Ya faɗa mini abin da idonsa ya gani. Washegari wayata ta cika da muryoyi. Na lemun ya yi ja jawur, na kanwar ya yi duhu ya koma kore-kore. Wani yaro ya gwada da toka, wata da omo, ba ni na sa su ba. Daga nan na yi musu bayanin abu mai tsami da abin da ke kashe tsami, muka ba su sunayensu na littafi.

A mako na gaba muka shuka wake a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado. Muka sa ƙwai a ruwan gishiri ya taso. Muka kafa sanda a tsakar gida muna bin inuwarta da gawayi. Akwai wata yarinya ’yar unguwar Bolewa, shiru-shiru, wadda a aji ban taɓa jin muryarta ba. A waya ita ce ta fi kowa tambaya. Wata rana uwarta ta karɓe wayar, da Hausarta mai gauraye da Fulatanci, ta ce yarinyar ta ƙarar mata da kanwa, amma ita ma tana da tambaya: ko wannan ne dalilin da ya sa kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya? Na ce shi ne. Ta yi dariya ta ce ashe ta daɗe tana kimiyya.

Labari ya kai wa Alhaji, ya aiko a kira ni. Na same shi a ofis, ya sa takunkumi a haɓa, yana juya makullin mota a yatsa.

“Malama, me nake ji? Zoɓo? Kanwa? Makaranta na buɗe ko gidan abinci?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, abin da ke gidajensu ke nan, kuma suna ganewa.”

Ya ce ganewa daban, daraja daban. Iyaye sun kawo ’ya’yansu ne don su ji Turanci su ga kayan zamani, in kanwa suke so ai kakanninsu na da ita. Ya hana saƙon murya. Ya ce bidiyo za a yi, a ɗakin gwaji, da Turanci zalla.

Ranar ce na fara taka ɗakin. Aka sa mini farar riga mai warin ƙura da safar hannu. Kwalaben duk babu komai a ciki, sai Alhaji ya aika aka sayo garin rini, aka dama, aka cika su, shuɗi da rawaya da kore. Ɗan ’yar’uwarsa ya riƙe waya. Aikina in ɗauki wannan in zuba a wancan, in riƙa girgizawa ina bayani. Da na tambaya bayanin me, Alhaji ya ce kowane ne, in dai da Turanci. Na tsaya ina juya ruwan rini ina karanto babi daga ka, shi kuma yana bayan mai ɗauka yana gyaɗa kai kamar yana bin karatun.

Bidiyon ya yi nauyi, kusan babu wanda ya iya sauke shi. Zauren ya mutu. Na ci gaba da tura wa yaran saƙo ta lambobin iyayensu mata, ɗaya bayan ɗaya, ban sanar da kowa ba.

Bayan an koma makaranta, wasu baƙi daga wata ƙungiya suka zo Potiskum suna zagayen ganin yadda aka koyar da yara lokacin kulle. Wani ya tsegunta wa Alhaji cewa abin da ke burge su shi ne aikin da aka yi da kayan gida. Da safe ya same ni a bakin aji, fuska a sake, ya ce, “Malama, wannan dabarar tamu ta zoɓo, a shirya ta.”

Tamu. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Aka wanke kwalaben rini aka zuba zoɓo. Shi ya zaɓi yaran da za su tsaya gaba, masu sabbin kaya da fararen safa, ’ya’yan abokansa, waɗanda rabinsu ba su taɓa amsa saƙona ba. ’Yar Bolewa ya ce ta koma baya, hijabinta ya koɗe. Na ce ita ta fi kowa iyawa. Ya ce hoto za a ɗauka.

Ya sa farar riga a kan babbar riga, hannayen suka tsaya masa a gwiwar hannu. Ya zuba ruwan kanwa da kansa, zoɓo ya juya, baƙi suka tafa. Ya gaya musu tun farkon kulle ya kwana yana tunanin ’ya’yan talakawa, har Allah ya buɗa masa wannan hanya. Wata daga cikin baƙin ta tambayi yaron da ke kusa da shi me ya sa launin ya canza. Yaron ya kalli Alhaji, Alhaji ya kalle ni, na kalli rufin ɗaki. Sai Alhaji ya ce yaran kunya ce da su, tarbiyya ce, ya ja baƙin zuwa ofis shan lemo.

Na bar makarantar a ƙarshen shekarar, na koma ta gwamnati, inda ba mu da ɗakin gwaji kuma babu mai cewa muna da shi. Alhaji ya buɗe reshe na biyu. Mukan haɗu a wajen biki ko gaisuwar mutuwa, in rusuna in gaishe shi, ya juya ga na kusa da shi ya ce wannan ma a hannunsa ta koyi aiki.