Dokin da Gero Ya Kwantar

Na gama karatun likitan dabbobi ban taɓa sa hannu a jikin doki mai rai ba. Ƙasusuwansa kam na san su ɗaya bayan ɗaya, don akwai ƙwarangwal ɗin wani a ɗakin karatunmu, kuma wannan bai taɓa harbin kowa ba. Na kuma san dawakin littafi, masu tsayuwa a kan ciyawa kore shar ana auna musu abinci a sikeli. Da wannan ilimin aka tura ni Batsari, wajen wani tsohon likita da ya yi suna a kan dawaki, don in koyi aikin da hannuna. Oga nake ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa.

Sai dai babu dawakin. Babur ya kore su daga hanya tun tuni, ɓarayin daji kuma suka ƙarasa abin da ya rage. Kullum awaki ne da tumaki, in an yi babban baƙo a ga jaki. Har na fara roƙon Allah a zuci ya kawo mini doki mara lafiya, irin addu'ar da mutum ba ya ɗaga hannu ya yi ta a cikin jama'a.

Bayan kaka aka amsa mini. Saƙo ya zo daga Safana cewa wani dattijo dokinsa ya kasa takawa. Oga ya goya ni a tsohon babur ɗinsa da hantsi, don a hanyar nan ba a sammako, ba a kuma bari la'asar ta yi wa mutum a kanta.

Dattijon mutumin wani ƙauye ne a bayan Runka. An kore masa shanu kaf, shi ne ya ɗora iyalinsa da buhunan geronsa a bayan a-kori-kura, shi kuma ya biyo su a kan dokin. Gidan wani ɗan ƙanensa mahauci suka sauka, aka ba su ɗaki ɗaya. Dokin kuma aka kafa masa turke a wani lungu tsakanin katanga da rumfa, wurin da ko juyawa sai ya yi dabara.

Muka gaisa. Aka tambayi hanya, aka tambayi iyali, aka jajanta zaman da ake ciki, aka sake komawa kan hanya. Ni duk hankalina yana lungun nan. Da aka kai mu sai na ga ingarma akawal, baƙi wuluk, jiki sumul yana sheƙi, wuya ya yi kitse har ya tasa. Amma ya miƙe ƙafafun gaba can, ya mayar da nauyinsa baya, kamar mai ƙin shiga ruwa.

"Taɓa kofaton," in ji Oga.

Na matsa a hankali ina karanta duk addu'ar da na sani. Dokin ko kallona bai yi ba, abin da ke damunsa ya fi ni. Na dafa kofaton, zafi rau. Na lalubi jijiyar da ke samansa kamar yadda Oga ya nuna mini, na ji tana bugawa da ƙarfi. Nan take na gane ciwon, har hoton da ke littafin na tuna. Daɗi ya kama ni. Dabba tana cikin azaba, mai ita ya zuba mini ido, ni kuwa ina fama da bakina kada ya yi murmushi.

Oga ya ce, "Baba, me kake ba shi?"

Dattijon ya gyara tsayuwa. "Gero. Tsabarshi, safe da marece. Wanga doki bai san dusa ba tun da na same shi. Ka tambayi kowa."

Oga ya dube ni, alamar fili nawa ne. Na gyara murya na yi bayani. Na ce a ƙauye dokin yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, geron yana ƙonewa a hanya. Nan kuwa yana tsaye wuri ɗaya, geron yana taruwa, shi ne ya sauka ya kunna masa wuta a cikin kofato. In ba a daina ba, ƙashin da ke ciki zai saki, dokin ya kwanta, kuma ba zai tashi ba. Na ce a zuba masa yashi mai laushi ya tsaya a kai, a riƙa jiƙa ƙafafun da ruwan sanyi, a ba shi busasshiyar ciyawa kawai. Gero kuwa ko ƙwaya.

Dattijon ya saurare ni da ladabin da ya fi ƙarfin shekaruna, yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To, likita, na ji. Allah shi yi albarka. Yanzu sai allurar."

Na yi wa dokin allurar rage zafi, ita ce ta farko da na taɓa yi wa doki. A hanyar komawa Oga ya ɗaga murya saboda iska ya ce, "Dokin nan naka ne. Ranar da ya taka lafiya, ka gama da ni."

Daga nan na zama ɗan hanyar Safana. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin mai dabba da ya bi umarnin likita kamar dattijon nan ba. Yashi da kansa yake ɗaukowa daga rafi, a ka. Ruwa saye yake daga 'yan garuwa ya zuba wa ƙafafun doki, a gidan da ake lallaɓa na alwala. Duk abin da na ce ya yi, har da ƙari. Abu ɗaya ne kawai bai ji ba, kuma shi ne maganin.

Allurar ma ta zame mini abokiyar gaba. In na yi ta, zafin ya lafa, dokin ya ɗan ɗaga kai ya yi haniniya. Dattijon ya ji daɗi, ya ce ai ya fara murmurewa, sai ya ƙara masa gero don ya yi ƙarfi. In na dawo sai in tarar kofaton ya fi da zafi. In na ce ba zan yi allurar ba kuma, dabbar ce za ta kwana cikin azaba. Na yi bayani da Hausa, na yi da zane a ƙasa. Na roƙi matarsa ta bayan zana, ta ce ita ba ta shiga tsakaninsa da dokinsa tun tana amarya. Har ɓoye ƙwaryar geron na taɓa yi a saman rumfa, kamar ƙwarya ce ta yi ƙaranci a Safana.

Na kai ƙara wajen Oga, ina tsammanin akwai wata dabara da ake ajiye wa manya. Ya je da kansa, ya yi nasa wa'azin, dattijon ya sa masa albarka shi ma. Abin da na samu a wannan zuwan shi ne Oga ya koya mini yadda ake fere kofato a rage wa gaba nauyi, da yadda mutum zai ɗaga ƙafar doki ya tura kafaɗa ba tare da an taka shi ba. Da muka fito ya ce, "Ni ma tun ba a haife ka ba nake wannan aikin. Doki ina iya masa. Mai doki ne ban taɓa iyawa ba."

Wata rana na zo na sami dattijon tsaye da ƙwaryar a hannu, dokin kuma a kwance, bakinsa a ciki. Raina ya ɓaci sosai. Na manta da furfurarsa na ce, "Baba, da hannunka kake kashe shi! Ni me ya sa kuke kirana?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya jira dokin ya gama, ya kakkaɓe ƙwaryar, sannan ya ce, "Ɗana, shanuna sun tahi. Gonata tana can, ban san wa ke kwana cikinta ba. Gidan ga ba nawa ba ne, ko tabarmar da nike zaune aro ce. Wanga shi ya hid da ni daga dajin can, bai yi tuntuɓe ba. In na hito da ƙwaryar ga da sahe, maƙwabta suna gani, ni ma ina gani. Ran da aka ce na koma ba dokina ciyawa zalla kamar jaki, to mi ya rage?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na yi allurata na tafi.

Da bazara ta shigo hanya ta ɓaci. Aka yi ta tare mutane, Oga ya ce ba inda za mu. Muka daɗe ba mu leƙa Safana ba, waya kuma ba ta shiga. Na riga na haƙura da dokin. Ranar da hanya ta lafa muka tafi, ina bayan babur ina shirya kalmomin jaje.

Muna shiga lungun na tsaya cak. Dokin yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu daidai. Ya faɗa, kitsen wuyan ya zube, ana iya ganin haƙarƙari, sheƙin ma ya ragu. Na dafa kofato, sanyi ƙalau. Jijiyar sai da na nema. Oga ya kwance shi ya ja ragama zuwa ƙofar gida, dokin ya bi shi yana takawa ɗaiɗai, ya juya ya dawo, ba ɗingishi. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Sai a lokacin na dubi dattijon da kyau. Rigar da na san shi da ita ce, amma yanzu rataye take a kafaɗunsa. Ƙwaryar tana kife a kan katanga, gizo-gizo ya yi saƙa a gefenta. Ta ƙofar ɗakin na hango inda buhunan suke jingine a da, babu komai sai tabarma a naɗe. A bayan zana matarsa tana tsinkar ganyen tafasa a faranti, ba a kuma ji ƙarar turmi a gidan ba tun da muka shigo.

"Allurarka ce, likita," in ji shi, fuskarsa cike da fara'a. "Ta daɗe ba ta kama ba, amma da ta kama ta kama."

Na ce, "Baba, ba allura ba ce. Geron ne da ya..."

"Kai dai akwai kunya," ya katse ni. Ya juya wajen Oga. "Yaron ga naku ba ya son yabo. Na hwaɗa ma kowa a masallaci, duk mai doki shi neme shi."

Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "To, ka gama da ni." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Haka na zama likitan doki, da shaidar malamina da ta masallaci.

Dattijon ya rako mu har bakin babur. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, na ji ƙasusuwan yatsunsa. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya ɗaga kai ya dube shi, irin kallon da manomi ke yi.

"Ku taya ni addu'a," ya ce. "Allah shi sa a samu lahiya mu koma gida bana, damina ta yi kyau. Wanga bawan Allah ya yi haƙuri da ni. In na cika rumbu, wallahi sai na rama mishi duk geron da ya rasa. Sai ya ci ya bari."

Ya ɗaga hannuwa, Oga ma ya ɗaga. Na waiga na dubi ƙafafun dokin ta ƙofar lungun, ƙafafun da na sha durƙusawa a gabansu, suna tsaye lafiya a kan yashi. Na san sarai abin da cikakken rumbu zai yi musu. Na sake duban rigar da ke rataye a kafaɗar dattijon. Sai na ɗaga nawa hannuwan na ce amin, da ƙarfi, kuma har cikin zuciyata.